Alawus da la'adar likitocin dashen gaɓoɓi

Likitan dashe, wato mai yin tiyatar sa wa mutum ƙoda ko hanta ko zuciyar wani, kuɗin da yake samu bayan albashi kala biyu ne kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai kuɗin obatayim da na kwanan jira a asibiti, akwai kuma la'ada da wasu asibitoci ke bayarwa kan kowane dashe ɗaya da aka yi.

Na farkon ba wanda ke jayayya a kansa, don aikin bai san dare ko rana ba. Zuciya in an cire ta awa 4 zuwa 6 ne kawai take jurewa, hanta wajen awa 12, ƙoda ce ma ke kai kwana guda. To ƙarfe biyun dare sai waya ta yi ƙara, likita ya tashi ya shiga mota ko jirgi zuwa wani gari ya ciro gaɓar, a sa ta cikin kula da ƙanƙara, a dawo a shiga tiyata har gari ya waye yana tsaye, wannan ai haƙƙinsa ne a biya shi. A 2003 kotun Tarayyar Turai, a ƙarar wani likita daga birnin Kiel na Jamus, ta yanke cewa kwanan jira a cikin asibiti aiki ne cikakke ko da likitan ya ɗan runtsa.

La'adar ce mai matsala, kuma Jamus ce ta ɗanɗana kuɗarta. A 2012 aka bankaɗo cewa a asibitin jami'ar Göttingen an riƙa canja bayanan marasa lafiya masu jiran hanta. Yadda tsarin yake, hukumar Eurotransplant da ke Leiden a Holan ita ke raba gaɓoɓi, hanta kuwa tana raba ta bisa maki da ake kira MELD, wanda ake lissafawa daga gwajin jini, mai maki da yawa shi ne ya fi kusa da mutuwa shi ake fara ba. Sai aka riƙa rubuta cewa ana yi wa mutum wankin ƙoda alhali ba a yi, makinsa ya yi sama ya tsallake layi, shi kuma wanda ya fi shi jin jiki a wani gari yana kwance idonsa ya yi ɗorawa yana jira, bai ma san an ƙetare shi ba. Babban likitan sashen dashen kuwa kwantiraginsa na da yuro 1,500 kan kowace hantar da ya dasa. Daga baya aka samu irin wannan maguɗin a Regensburg da Munich da Leipzig. Ba la'ada kaɗai ba ce fa, akwai kuma dokar da ta ce sai cibiya ta yi dashen hanta 20 a shekara kafin a bar ta ta ci gaba, ga neman suna tsakanin asibitoci.

An gurfanar da likitan na Göttingen, amma kotu ta sallame shi a 2015, babbar kotun tarayya ta tabbatar a 2017, don a lokacin da abin ya faru babu dokar da ta mai da canja bayanan laifi kai tsaye kuma ba a iya nuna ga wanda ya mutu saboda shi ba. Amma amana ta riga ta zube, mamatan da aka samu gaɓoɓinsu sun ragu daga 1,296 a 2010 zuwa 876 a 2013, abin tausayi ne ƙwarai don masu jira ne suka biya kuɗin. A 2013 aka gyara doka, yin ƙarya a jerin masu jira ya zama laifi mai ɗaurin har shekara 2, kuma yanzu sai aƙalla likitoci uku sun zauna kafin a sa mutum a layi, ɗayansu wanda ba ruwansa da sashen dashe. Asibitin na Göttingen ya soke la'adar.

A Amurka dokar 1984 ta hana sayar da gaɓa amma ta halatta kuɗin aikin cirowa da ɗaukowa da dasawa. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 su ma sun ce kada likita ko asibiti ya karɓi abin da ya wuce ladan aikin da ya yi.