Maganin HIV na Indiya ba jabu ba ne, ba kuma na sata ba

Akwai maganar da ke yawo a bakin mutane, har da wasu masu karɓar magani, wai ƙwayoyin HIV da ake bayarwa a asibitocinmu kwaikwayo ne, na ainihin yana hannun Turawa, mu kuma an haɗa mu da na Indiya. Wasu sun ƙara mata gishiri: wai kamfanonin Indiyan satar fasaha suka yi, duk ranar da masu abu suka kai ƙara magani zai yanke. Wannan magana tana da haɗari, domin wanda ya gaskata ta zai iya ajiye maganinsa, ajiye shi kuwa shi ke ba ƙwayar cutar damar sake ƙarfi. Na san tsoron yana da tushe. Wanda ya tuna gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba zai saki jiki da kamfanin magani ba. Amma wannan zance daban yake, kuma doka ta yi bayaninsa.

Dokar ita ce yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995. Ta ce wanda ya ƙirƙiro magani a ba shi haƙƙin mallaka na aƙalla shekara 20, kada wani ya yi irinsa sai da izininsa. Ta hau kan duk ƙasashen ƙungiyar, har da Najeriya da Ghana da Kamaru; ƙasashe mafiya ƙarancin arziki irin su Nijar da Chadi kuwa an ɗage musu wannan sharaɗi a kan magunguna har zuwa 2033.

A ƙarshen shekarun 1990 maganin shekara guda na mutum ɗaya ya wuce dala 10,000. Mutane suna ta mutuwa a Afirka alhali maganin yana nan. Da Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don samo magani mai rahusa, kamfanoni 39 suka maka gwamnatin Mandela a kotu; sai a Afrilun 2001 suka janye, bayan duniya ta yi musu caa. A farkon shekarar ce kuma kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce zai sayar da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara. Bai karya dokar kowa ba: dokar Indiya ta 1970 ba ta ba da haƙƙin mallaka a kan maganin kansa, sai a kan hanyar haɗa shi, kuma haka aka tafi har 2005.

To yau fa, da Indiya ta gyara dokarta? Yawancin abin da ake yi yanzu da izinin masu shi ne. Ƙwayar TLD da aka fi bayarwa tana ɗauke da sinadarin dolutegravir na kamfanin ViiV, kuma ViiV ɗin ne da kansa ya ba da lasisi a 2014 ta hannun Medicines Patent Pool, cibiyar da aka kafa a 2010 don wannan aiki. Kamfanoni irin su Cipla da Aurobindo da Hetero suka shiga gasa, farashi ya sauko zuwa dala 75 a shekara a 2017, ya kuma ci gaba da sauka. Sinadarin ɗaya ne, awon ɗaya ne. Kafin manyan masu ba da tallafi su saya sai Hukumar Lafiya ta Duniya ko hukumar magunguna ta Amurka ta tantance, a gida kuma ga NAFDAC. Jabun magani yana nan a kasuwa, ba a musu, amma abin da ke sa magani ya zama jabu shi ne rashin inganci da ƙarya a kan kwali. Rubuta Indiya a jikinsa ba ya cikin lissafi.

Inda aka fi rikicewa shi ne sashe na 31 na yarjejeniyar TRIPS, wanda ya yi maganar lasisin tilas. Wato gwamnati ta ba wani izinin yin magani ko shigo da shi ko da mai haƙƙin bai yarda ba. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna cewa ba a yin haka sai an ayyana dokar ta-ɓaci. Ba haka sashen ya ce ba. Abin da ya ce shi ne a fara neman mai haƙƙi a yi ciniki. Idan an yi ƙoƙari ba a daidaita ba, gwamnati ta ba da lasisin. Halin gaggawa, ko amfanin gwamnati wanda ba na neman riba ba, abin da yake ɗaukewa kawai shi ne wannan zaman ciniki na farko. Sanarwar Doha da ƙasashen ƙungiyar suka fitar a Nuwambar 2001 ta fito fili ta ce kowace ƙasa ita ke da ikon yanke dalilin ba da lasisin, ita ce kuma mai cewa ga abin da ya zama gaggawa, ta ma ambaci HIV da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da suna.

Masu cewa ƙwace ne ma sun yi kuskure. Haƙƙin yana nan a hannun mai shi, yana ci gaba da sayar da nasa, kuma dole a biya shi ladan da ya dace. Da Brazil ta yi haka a kan efavirenz, maganin HIV na kamfanin Merck, a 2007, ta yanka masa kashi 1.5 cikin 100. Hukuncin saɓa yarjejeniyar kuwa tsakanin gwamnatoci yake: ƙasa ce ke kai ƙarar ƙasa a gaban ƙungiyar. Babu inda aka ce a kama majinyaci, ko ma'aikacin jinya, ko mai raba magani a asibiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tsorata ƙasashe kan haƙƙin da doka ta ba su. Thailand ta ba da irin wannan lasisi a 2006 da 2007; Amurka ta sa ta cikin jerin ƙasashen da take sa wa ido, kamfanin Abbott kuma ya janye neman rajistar sababbin magungunansa a can. Ga kuma ƙasar da ba ta da masana'anta, wadda sai dai a yi mata a waje: an buɗe mata hanya a 2003, amma an cika ta da takardu har ta zama kamar a ba ka tuwo a hana ka miya. Ruwanda ce ta bi ta a 2007, ta karɓi magani daga kamfanin Apotex na Kanada, aka sha wuya kafin kayan su iso.

Lasisin son rai ma yana da nasa miki, domin kamfani ne ke zaɓar wa za a ba. A Oktoban 2024 Gilead ya ba kamfanoni 6 izinin yin lenacapavir, allurar rigakafin HIV da ake yi sau 2 a shekara, don ƙasashe 120, Najeriya na ciki. Brazil, wadda 'yan ƙasarta suka shiga gwajin allurar, ba ta cikin jerin.