Tambayoyi da amsoshi kan sauya jihar zama a Amurka ga wanda hanya ta zama gidansa

Waɗannan tambayoyi su ne 'yan'uwanmu mazauna Amurka suke ta jefo mini, galibinsu direbobin tirela masu dogon zango da ma'aikatan jinya masu bin kwantiragi daga jiha zuwa jiha, sai ɗaiɗaikun da suka saki gidan haya suka koma zama cikin mota mai ɗakin kwana. Na tara su wuri guda domin duk wanda ya sake tambaya in turo shi nan.

Tunda kullum ina kan hanya, ba zan iya zama marar jiha ba?

Ba za ka iya ba. Doka ta ɗauka kowane mutum yana da mazauni na dindindin guda ɗaya, kuma tsohon yana nan daram har ranar da ka kafa sabo. Idan ka bar Jojiya shekara uku da suka wuce ba tare da ka kafa wani ba, har gobe kai mutumin Jojiya ne a idon masu karɓar haraji.

Wace jiha ce ta fi?

Masu yawo sun fi zaɓar Dakota ta Kudu da Teksas da Fulorida, saboda ba sa karɓar harajin albashi kuma suna amincewa da adireshin kamfanin da ke karɓar wasiƙu a madadin mutum. A Dakota ta Kudu kwana ɗaya a otal ko sansanin motoci ya isa a ba ka lasisin tuƙi na shekara 5, muddin rasidin yana ɗauke da sunanka. Lasisin Teksas da na Fulorida kuwa na shekara 8 ne. Teksas ta daina binciken lafiyar motocin da ba na kasuwanci ba tun farkon 2025, Fulorida kuma tana da takardar shaidar mazauni da ake ajiyewa a ofishin magatakardan kotun gunduma, sai dai inshorar mota a can tana da tsada ƙwarai. Wadda ta fi ita ce wadda da gaske kake bi ta cikinta a aikinka.

Ina da katin zaman dindindin, an ce in yi rajistar zaɓe domin ƙarfafa hujjata. In yi?

Kada ka kuskura. Wannan shawara ta 'yan ƙasa ce, kuma masu yaɗa ta ba su san halin baƙo ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, idan ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ya aikata laifin da zai iya hana shi zama ɗan ƙasa, har ma ya kai ga a kore shi. A ofishin lasisi za a iya tambayarka ko kana son a yi maka rajistar, sai ka ce a'a, ka kuma karanta abin da kake sa wa hannu. Abin da doka ta wajabta maka shi ne ka sanar da hukumar shige da fice sabon adireshinka cikin kwana 10 ta fom AR-11. Idan kuma kana dab da neman zama ɗan ƙasa, ka tuna ana buƙatar zaman wata 3 a jihar ko yankin da za ka nema, don haka ka duba lokacin ƙaurarka tun kafin ka fara.

Sai na je sabuwar jihar da kaina?

Sai ka je. Ba a kafa mazauni ta waya.

Na karɓi lasisin Teksas, amma iyalina suna unguwar Bronx ta birnin Niyok kuma ni nake biyan hayar gidan. Niyok za ta ƙyale ni?

Wataƙila ba za ta ƙyale ka ba, amma amsar ta danganta da abubuwa da dama, kuma a nan ne nake roƙon a karanta a tsanake. Teksas ba ta da abin da za ta rasa idan ta karɓe ka, shi ya sa ba ta wahalar da kai ba. Mai asara ita ce jihar da ka bari, kuma ita ce za ta bincike ka. Niyok tana da ƙofa biyu da take kama mutum ta cikinsu. Ta farko ita ce ta mazauni: masu bincikenta suna duba gidan da kake riƙe da shi, da inda sana'arka take, da inda kake ƙarar da lokacinka, da inda ka ajiye kayan da suka fi soyuwa a gare ka, sannan inda iyalinka suke. Nauyin kawo hujja bayyananniya yana kanka, kai da ka ce ka tashi. Mutumin da matarsa da 'ya'yansa suke Bronx, yaran suna makaranta a can, kuma can yake nufa duk sa'ad da ya sauke kaya ya samu hutu, da wuya ya gamsar da kowa cewa gidansa akwatin wasiƙa ne a garin Livingston na Teksas.

Ƙofa ta biyu ba ruwanta da niyyarka. Idan kana da wurin zama a jihar kusan duk tsawon shekara, kuma ka yi fiye da kwana 183 a cikinta, za a ɗauke ka mazauni a wannan shekarar ko da lasisinka na wata jiha ne. A ƙa'ida ko sa'a guda ka yi a rana an ƙirga ta, sai 'yan togaciya kamar wucewa kawai ko kwanciya a asibiti. Akwai sassauci ɗaya: a 2014 babbar kotun jihar ta yanke cewa riƙe gida kaɗai bai isa ba, sai an nuna kai kanka kana amfani da shi a matsayin wurin zamanka. Wannan zai iya taimakon wanda yake biya wa iyayensa haya amma ba ya zama tare da su, ba na jin zai taimaki mai kwana a ɗakin matarsa.

Dalilin da ya sa wannan ya fi shafar direbobi shi ne dokar tarayya ta ce ma'aikacin kamfanin sufuri da aikinsa na yau da kullum yake ratsa jihohi biyu ko fiye, jihar zamansa kaɗai ce za ta karɓi haraji a albashinsa. Ke nan idan ƙaurar ta inganta, ribar babba ce, idan kuma ta rushe, za a bi ka bashin shekarun baya har da tara da kuɗin ruwa, ga harajin birnin Niyok a kai. Idan iyalin za su tashi tare da kai, ko kai gwauro ne da ya miƙa makullin ɗaki ya kwashe kayansa, ka kwantar da hankalinka, al'amarinka mai sauƙi ne: ka cike takardar harajin wanda ya zauna wani ɓangare na shekara, ka adana bayanan na'urar da ke rubuta sa'o'in tuƙinka da rasidin mai. Idan iyali za su zauna, ka ga masanin harajin jihar kafin ka kashe ko sisi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, idan na koma Fulorida na huta da haraji ke nan?

A'a, 'yar'uwa. Waccan dokar ta direbobi ba ta shafe ki ba. Kuɗin da kika samu a asibitin Kalifoniya, Kalifoniya za ta ɗauki rabonta a ciki ko ina lasisinki ya fito. Sannan alawus ɗin masauki da abinci da ake ba ki ba tare da cire haraji ba ya rataya ne a kan cewa kina da wani gida da kike ɗawainiya da shi. Wadda ba ta da gida ko'ina, hukumar harajin tarayya tana ɗaukar duk inda take aiki a matsayin gidanta, sai alawus ɗin ya zama albashi mai haraji. Masu tirelar kansu da ke cire kuɗin abinci daga lissafin haraji, ku ma da ku nake.

Banki ya ƙi karɓar adireshina na kamfanin wasiƙu.

Zai ƙi, domin tun bayan dokar tsaro ta 2001 ana buƙatar banki ya riƙe adireshin zama na zahiri. Ƙa'idar ta yarda wanda ba shi da gida ya bayar da na ɗan'uwa ko wani makusanci, akwatin kuma ya zama na aika wasiƙa. Kada dai makusancin ya kasance a jihar da kake ƙoƙarin rabuwa da ita.

Me zan fara yi?

Ka buɗe akwati a kamfanin wasiƙu, ka cike fom 1583 na gidan waya da takardun shaidarka iri biyu. Ka sauya inshora, ka faɗa musu gaskiyar inda motar take kwana, domin ƙarya a nan tana iya sa su ƙi biya ranar haɗari. Daga nan ka je ka yi rajistar mota da lasisi. Mai lasisin manyan motoci yana da kwana 30 daga ranar da ya kafa sabon mazauni ya mayar da lasisinsa can, kuma ya tambayi ofishin jihar tun da wuri irin shaidar adireshin da suke karɓa daga direban kasuwanci. Ƙaura tana ba ka kwana 60 ka zaɓi sabuwar inshorar lafiya. Wanda ya rubuta wasiyya domin a raba gadonsa bisa shari'a, ya kai ta wurin lauyan sabuwar jihar ya duba, musamman a Teksas, inda doka ta ɗauki dukiyar da aka samu bayan aure a matsayin ta miji da mata tare.