Waiwaye: Yadda Mujallun Intanet Suka Shige wa Kundin Laburare Gaba

Wanda ya yi karatu a Ƙaura Namoda ko Gusau kafin kwamfuta ta yawaita ya san akwatin katakon nan mai durowoyi cike da katunan littattafai, wato kundin laburare, a bakin ƙofa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ke kan kati yana kan kanta. Mujalla ta iso ta gidan waya, a buga mata hatimi, a rubuta lambar fitowarta, ƙarshen shekara a ɗinke. Ta zama dukiyar makaranta ke nan.

Kundin ya fara komawa na'ura ne a shekarun 1960, lokacin da Henriette Avram ta ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ta tsara MARC, wato salon rubuta bayanin littafi yadda kwamfuta za ta gane. A 1975 aka tabbatar da ISSN, lamba mai alƙaluma 8 da ke bambanta kowace mujalla, a 1993 kuma aka ƙara wa MARC gurbi na 856 don adireshin intanet. Sai rumbunan mujallu na intanet suka zo, JSTOR a 1995, ScienceDirect a 1997, mallaka ta koma haya. Ka biya, ka karanta; wa'adi ya cika, ƙofa ta rufe.

Mu nan abin ya iso mu ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shirye-shiryen buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun intanet: HINARI na lafiya a 2002, AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006. Ke nan Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, ta buɗi ido ne a zamanin da dubban mujallu ke shigowa ba mota ba kwali.

To, a nan gizo ke saƙa. Mujalla ɗaya tana iya bayyana a rumbu uku, kowanne da shekarun da ya ɗauka. JSTOR yawanci ba ya sakin fitowar shekaru 3 zuwa 5 na baya-bayan nan, wani mawallafin kuma ya janye kayansa dare ɗaya. Ta intanet da ta takarda ma kowacce da ISSN ɗinta. Masana kundi sun daɗe suna ja-in-ja: a liƙa adireshin a bayanin ta takarda, ko a buɗe sabon bayani ga kowane rumbu? Na farko ya fi sauƙi ga ɗalibi, na biyu ya fi sauƙin gogewa idan haya ta ƙare, amma yana cika kundi da maimaici. A 2003 CONSER, shirin haɗin gwiwar laburarorin Amurka kan rubuta bayanan mujallu, ya raba gardama da bayani guda ga fitowar intanet, ko rumbu nawa ke ɗauke da ita. Daga baya wani tsarin ƙa'idoji mai suna KBART ya zo a 2010, ya tsara yadda kamfanoni za su riƙa miƙa jerin mujallunsu da shekarunsu.

Yawancin manhajojin da ke bin wannan sauyi da kansu da dala ake sayensu. Amma Koha, manhajar kundin laburare wadda ta fara aiki a Niyuzilan a 2000, kyauta ce, kuma tana karɓar bayanan MARC dubbai a loda ɗaya. Shi ya sa ban yarda a bar kundi da littattafai kawai ba, a tura ɗalibi ya bi rumbuna ɗaya bayan ɗaya da kalmar sirri a guntuwar takarda.

Abin yana ci mini rai idan na tuna gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. An yi bincike mai yawa a kai, a mujallun lafiya ya fito. Ɗalibar da ke rubuta kundin kammala karatu kan Bagega, ɗaya daga ƙauyukan da gubar ta shafa, idan ta duba kundin laburare ba ta ga mujallar ba, cewa za ta yi babu. A ganina a fara da mujallun sassan da ake koyarwa, lafiya da noma da ilimi, a rubuta shekarun da ake samu da ranar ƙarewar haya, sannan a ɗora wa ma'aikaci ɗaya duba adiresoshin a farkon kowane zango.