Kariya daga ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje

Kariya daga ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje ita ce ƙa'idoji da kayan aiki da ɗabi'un da ke hana cutar da ke cikin samfur, jini ne ko kaki ko fitsari ko naman dabba, ta kama mai gwaji, ko ta bi shi gida, ko ta fita gari a cikin shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da jagorarta kan wannan fanni a 1983. Bugu na huɗu, na 2020, ya fi matsa wa ma'aikaci ya auna haɗarin kowane aiki kafin ya sa masa hannu.

Abin da ya faru a Jos

Garin Jos na da wuri na musamman a tarihin wannan ilimi, kuma da rayuka aka saye shi. A watan Janairun 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yau zuwa asibitin mishan na Jos, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke. Jinin da aka aika Jami'ar Yale ya kwantar da masani Jordi Casals, wanda aka ceto da ruwan jinin Pinneo, sannan wani ma'aikacin ɗakin gwaji a can, Juan Roman, ya mutu. Daga nan aka dakatar da aiki da ƙwayar a Yale. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, likita Jeanette Troup ta yanke yatsa tana binciken gawar wanda ya mutu da ita, cikin watan Fabrairu ta rasu. Ƙwararru ne dukansu, babu ɗan koyo a ciki. Wannan ita ce cutar da ake kira zazzaɓin Lassa, wadda ɓera ke yaɗawa har gobe.

Matakai

An raba ɗakunan gwaji mataki huɗu. Na farko na ƙwayoyin da ba sa cutar da mai lafiya ne, a na biyu ake yawancin gwajin asibiti, na uku na masu bin iska ne kamar tarin fuka idan ana renon ƙwayarsa, na huɗu kuwa na irin su Lassa da Ebola idan za a yi renonsu da rai. Don gano cutar kawai, akan kashe ƙwayar da sinadari tukuna, sannan a ci gaba da gwaji a ƙaramin mataki.

Akwatin kariya

Babban haɗari shi ne feshin da ido ba ya gani. Buɗe murfin kwalba da ƙarfi, girgiza samfur, ko hura ɗigon ƙarshe daga bututun awo, kowanne yana tayar da ƙananan ɗigo da ke yawo a iska har su shiga huhu. Don haka aka ƙera akwatin kariya, mai gilashi a gaba, wanda ke zuƙar iska daga wajen ma'aikaci zuwa ciki ya tace ta. Matatarsa, HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Labulen iskar nan ba shi da wuyar yagewa. Takarda ɗaya a kan ramukan gaba ta isa ta toshe shi. Haka zare hannu da sauri, ko wani ya wuce ta baya yana kaɗa riga, ko fanka, ko kunna wuta a ciki, domin zafin harshen wuta yana rikita tafiyar iskar. Akwai kuma kuskure mai muni da ya kamata kowane ɗalibi ya sani tun ranar farko: wani tebur mai kama da akwatin nan sak, aikinsa kare samfur daga datti, iskarsa kuwa fuskar ma'aikaci take dosa. Wanda ya buɗe kakin mai tarin fuka a kansa ya shaƙi cutar kai tsaye.

A ƙasarmu akwai ƙarin abu biyu. Idan aka ɗauke wuta, injin ya tsaya, kariya ta tsaya nan take, ko da gilashin na nan. Sai a rufe samfur, a sauke gilashi, a jira janareta. Ƙurar hunturu kuma tana saurin cika matata. Ƙa'ida ita ce gwani ya duba akwatin aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka sauya masa wuri. Akwatin da ba a duba ba ya fi rashinsa haɗari, don yana sa mutum ya saki jiki.

Injin juya jini da tukunyar tiriri

Injin da ke juya kwalabe don raba jini yana son daidaito: kowace kwalba da kishiyarta mai nauyi ɗaya, kowacce a rufe. In aka ji ƙarar fashewa a ciki, a kashe shi, kada a ɗaga murfi sai bayan minti 30, feshin ya kwanta. Da hantsaki ake tsince gilashin, ba da yatsu ba.

Tukunyar tiriri, wadda ma'aikata ke kira otokilef, tana kashe ƙwayoyi a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, shara mai yawa kuma ta fi haka. Sharaɗin shi ne tiririn ya taɓa ko'ina. Leda da aka ɗaure tam, ko tukunyar da aka danƙare, tana iya fitowa da zafi a waje, cikinta kuwa ɗanye. Shi ya sa ake manna tef mai sauya launi, a kuma riƙa gwada ta da ƙwayoyi masu taurin kai da aka tanada don haka.

Allura da hannu

Ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, nan ne yawancin sukan ke faruwa. Kwalin jefa allurai ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Ba a zuƙar samfur da baki, ba a ci, ba a sha, ba a ajiye kunu ko ruwan leda a firjin samfur. Waya ma abin lura ce: mutum ya taɓa ta da safar hannu, anjima ya kai ta kunci, da yamma yaro ya ɗauka yana wasa. Jinin da ya zube ana rufe shi da takarda, a zuba ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 daga gefe zuwa tsakiya.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ya kai rahoto a take. Maganin riga-kafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Ɓoyewa don tsoron faɗan oga ba ta da amfani ko kaɗan. Allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B kuwa tun kafin kama aiki ya kamata a yi ta.

Hukumomi

Majalisar MLSCN ce ke yi wa masu gwaji da ɗakunansu rajista. Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya tana da babban ɗakin gwaji na ƙasa a Gaduwa, Abuja, sannan an kafa hukumar NBMA, mai sa ido kan haɗarin fasahar sauya ƙwayoyin halitta, a 2015. A Vom, kusa da Jos, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta samo asali tun 1924, tana aiki da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kamar murar tsuntsaye da haukan kare. Samfurin da za a aika irin waɗannan wurare ana naɗe shi hawa uku: kwalba mai murfi, sai mazubi na biyu da abin tsotse ruwa a ciki, sai kwali mai ƙarfi ɗauke da alamar haɗari, domin direban da ya ɗauko shi daga ƙauye ba shi da safar hannu.