Sauya makin jarrabawa bisa miƙaƙƙen layi

Sauya maki bisa miƙaƙƙen layi hanya ce ta lissafi da ake mayar da makin jarrabawa daga wani ma'auni zuwa wani. Ana ninka makin ɗalibi da wata lamba, sannan a ƙara masa wata, kuma ana rubuta ta y = ax + b, inda x ne tsohon maki, y sabon maki, a lambar da ake ninkawa da ita, b kuma wadda ake ƙarawa. Mafi sauƙinta malaman Maradi sun saba da ita: yaro ya taho daga Katsina da 65 bisa 100, a raba da 5, ya koma 13 bisa 20, ma'aunin da makarantun Nijar suka gada daga Faransa.

Inda aikin yake da wuya shi ne gwada ɗaliban da ba ajinsu ɗaya ba. A ce yarinya a CE2 (aji huɗu na firamare) ta ci 14 bisa 20, matsakaicin ajinta 12. Yayanta a CM2 (aji shida) ya ci 11, matsakaicin nasu ajin 8. A gida shi za a yi wa faɗa. Amma a cire matsakaicin aji daga makin kowa, a raba abin da ya rage da ma'aunin bazuwa, wato lambar da ke nuna yadda makin ajin ya warwatsu. In bazuwar 2 ce a ajujuwan biyu, ita ta samu 1, shi 1.5. Wannan shi ake kira makin z. Don a kauce wa ɗigo da lambobin ƙasa da sifili, sai a ninka shi da 10 a ƙara 50, ita 60, shi 65. Gwaje-gwajen da ke kwatanta ilimin ɗalibai tsakanin ƙasashe, irin su PISA da PASEC wanda Nijar ta shiga a 2014 da 2019, sun kafa ma'auninsu da matsakaici 500, bazuwa 100.

Muddin lambar da ake ninkawa da ita (a) ta wuce sifili, sauyin ba ya taɓa jeri. Na ɗaya yana nan na ɗaya, na kashin baya yana kashin baya.

A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe, kuma yara ne ke kwana a ciki. Makin z matsayin yaro cikin ajinsa kawai yake nunawa. Aji mai rauni ma yana da gwaninsa. In ana son sanin nawa ilimi ya ƙaru daga CE2 zuwa CM2, dole a saka wasu tambayoyi iri ɗaya a jarrabawar ajujuwan biyu. Da yadda kowane aji ya amsa su ne ake fitar da lambobin a da b, a ɗora duka yaran a kan ma'auni guda.