Bishiyoyin Ado a Titunan Abuja

Bishiyoyin ado su ne waɗanda ake dasawa a bakin titi ko a tsakiyarsa domin inuwarsu da furensu, ba don 'ya'ya ko katako ba. A Abuja, dasa su na cikin tsarin garin tun daga tushe. Bayan dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya a zamanin Janar Murtala Muhammad, taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta ware filaye masu yawa domin lambuna da wuraren shaƙatawa, tun kafin gwamnati ta tare can a ranar 12 ga Disamba, 1991.

Babban dalilin dasa su zafi ne. Kwalta da siminti suna shan rana su riƙe zafinta har dare, musamman a watannin Maris da Afrilu. Ganye yana tare rana, danshin da yake fitarwa kuma yana sanyaya iska. Da hunturu yana kama ƙura, da damina saiwoyi suna riƙe ƙasa, abin da gari mai tudu da gangare irin Abuja yake bukata.

To, me ya hana a dasa mangwaro, tunda shi ma inuwarsa ba ta da na biyu? Bishiya mai 'ya'ya a bakin babban titi fitina ce: yara za su yi ta jifa, dutse ya faɗo kan gilashin mota, abin da ya zubo ya ruɓe ya tara ƙuda. Fure kuwa in ya kaɗe, shara kawai ake yi.

Yawancin bishiyoyin nan baƙi ne. Wadda masana ke kira Delonix regia, mai jan fure kamar garwashi, asalinta daga Madagaska ne, kuma takan yi fure a ƙarshen bazara, gab da saukar ruwa. Kasiya mai ɗorawar fure ta fito daga kudu maso gabashin Asiya, dogon yaro kuma daga yankin Indiya.

Kyau bai hana su illa ba. Saiwoyin Delonix ba sa nutsewa can ƙasa, shimfiɗuwa suke yi, har su ɗaga daɓen masu tafiya a ƙafa ko su fasa kwalbati. Rassanta ma ba su da ƙwari, shi ya sa ake sassabe su kafin guguwar farkon damina, musamman inda suka kusanci wayoyin lantarki.