Lambar 303 ta tsohuwar bindigar soja ba nisan harbi ba ce

An daɗe ana cewa wai 303 da ake kiran tsohuwar bindigar sojan Ingila, Lee-Enfield, nisan da harsashinta ke kaiwa ne. A gaskiya faɗin ramin bututunta ne: inci 0.303. Harsashin kuwa yakan wuce yadi dubu.

Tun 1895 aka fara ba sojoji ita. Tana cin harsashi goma, amma bayan kowane harbi sai an ɗaga ƙarfen gefen dama, a ja baya kwankon ya faɗo, a mayar. Da irinta kakanninmu suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ku gwada da kanku: inci ɗaya milimita 25.4 ne, ku ninka da 0.303, za ku samu kusan 7.7. Ku duba a jikin rula, kusan kaurin fensir ne.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su sani.